Kuɗin Cizo a Cikin Gida: Yadda Za a Gane Shi Tun Bai Yi Yawa Ba

 

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Mai Unguwa, malamanmu limamai Allah ya gafarta muku, shugabannin makarantun kwana da masu kula da ɗakunan ɗalibai, iyayenmu mata, abokan aikina na sashen tsaftar muhalli, da sauran jama'ar da suka baro harkokinsu suka zo, ina yi muku barka da war haka. Ina godiya ga kwamitin iyaye da malamai da ya shirya wannan zama, ya kuma ga dacewar a kira duba-gari ya yi magana cikin lumana, maimakon a jira sai ya zo da takardar tara.

Abin da aka ce in yi magana a kansa shi ne kuɗin cizo, wanda wasunmu ke ce wa gazunzumi: yaya ake gane shi, kuma waɗanne alamomi ne ke nuna ya tare a gida? Na ga wasu sun yi murmushi, na kuma hango wani bawan Allah can baya ya fara sosa wuya tun ban ce komai ba. Ba laifi, Alhaji, haka maganar take sa kowa. An kuwa zaɓi lokacin da kyau, domin hutu ya gabato, yara za su dawo gida da akwatuna da katifu, kuma a irin wannan lokaci ne ƙorafi ke yi mana yawa a ofis.

Magana ɗaya nake so in kafa, sauran duk bayaninta ne. Yawancinmu a fatar jikinmu muke neman kuɗin cizo, alhali shaidarsa tana jikin gado. Wanda ya tsaya kallon ƙurji zai yi ta canki-canki, ya sha maganin da ba na ciwonsa ba, ya fesa gubar da ba ta da amfani. Wanda ya ɗaga katifa ya haska tocila kuwa, cikin 'yan mintoci zai san inda aka kwana.

Na ɗaya: mu san kamanninsa

Babban kuɗin cizo tsawonsa milimita 5 zuwa 7 ne, kamar ƙaramin ɗan kankana. Launinsa ƙasa-ƙasa mai ratsin ja. Idan da yunwa yake, shafaffe ne ƙwarai, shi ya sa yake shiga tsagar da katin waya kaɗai zai iya shiga. Idan ya sha jini sai ya kumbura, ya ƙara tsawo, ya yi jawur. Ƙafafunsa shida. Ba ya tashi sama, ba ya tsalle, rarrafe kawai yake yi. Saboda haka in kika ga ƙwaro ya yi tsalle ya ɓace, Hajiya, ƙuma ce. In ƙafafunsa takwas ne, kaska ce, a duba kare ko awaki. In kuwa yana da dogayen gashin baki yana gudu kamar an koro shi, ɗan kyankyaso ne.

Masana sun kasa waɗanda suka fi addabar ɗan Adam gida biyu: Cimex lectularius, wanda ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi, da Cimex hemipterus, na ƙasashe masu zafi irin namu. Ido ba ya rarrabe su cikin sauƙi, kuma mai gidan da ya kwana yana susa bai damu da wanne ne a cikinsu ba.

Abin da ya kamata ya dame shi shi ne haihuwarsu. Macen tana yin ƙwai ɗaya zuwa biyar a rana, a tsawon rayuwarta kuma tana iya zuba ɗaruruwa. Ƙwan fari ne, tsawonsa kamar milimita 1, kuma manna shi take yi a jikin katako ko ɗinki, don haka kakkaɓe katifa ba ya zubar da shi. Cikin kwana 6 zuwa 10 ya ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito fari-fari ne, da ƙyar ake ganinsa sai ya sha jini. Sau biyar yake yin saɓa kafin ya girma, kuma kafin kowace saɓa sai ya sha jini. A yanayi mai ɗumi, mako biyar zuwa shida sun ishe shi ya kai munzalin haihuwa. Ku riƙe waɗannan kwanakin, za mu buƙace su nan gaba. Sannan yana iya yin watanni bai ci komai ba. Ɗakin ɗalibai da aka kulle tsawon dogon hutu, ranar da aka buɗe shi masu gadon suna nan suna jira.

Na biyu: cizo kaɗai ba hujja ba ne

Kuɗin cizo yana bin ɗumin jiki da iskar da muke fitarwa in muna numfashi. Ya fi fitowa a tsakiyar dare zuwa gab da asuba, lokacin da barci ya yi nauyi. Yawunsa na ɗauke da abin da ke kashe zafin cizo da abin da ke hana jini daskarewa, shi ya sa zai yi minti uku zuwa goma yana sha ba ka farka ba. Ya ƙoshi, ya koma maɓoyarsa. Ba ya zama a jikin mutum irin na ƙwarƙwata.

Da safe me za a gani? Jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi a inda tufa bai rufe ba: wuya, fuska, hannuwa, kafaɗa, ƙafa. Sau da yawa sukan jeru a layi ko su taru wuri guda. To, amma ga inda matsalar take. Akwai mutanen da jikinsu ba ya nuna komai ko an cije su. Akwai waɗanda sai bayan kwanaki ƙurjin ke fitowa, wani ma har kusan mako biyu. Miji da mata gado ɗaya, ita ta tashi jikinta duk ya yi ruɗu-ruɗu, shi kuwa sumul. Me zai ce mata? “Ai in da ƙwaro ne da ni ma ya cije ni, borin jini ne, ki sha magani.” Haka ake ɓata wata biyu, su kuwa suna ta hayayyafa.

An taɓa kirana wani gida inda aka daɗe ana yi wa wani yaro maganin ƙazuwa. An shafa wannan an shafa wancan, an hana shi gyaɗa da ƙwai da kifi, an kai shi wajen mai maganin gargajiya an ce iska ce. Na ce wa mahaifiyarsa, “Hajiya, ina yake kwana?” Ta nuna min 'yar katifa a kan ledar ɗaki. Katifar kanta ba laifi. Da na ɗaga bakin ledar ta jikin bango, sai ga su jere, manya da ƙanana, ga baƙin kashinsu ya yi layi tun daga ƙofa har kusurwa. Ta riƙe baki ta ce, “Wallahi kullum sai na share ɗakin nan na goge.” Gaskiya ta faɗa, ɗakin tsaf yake. Tsintsiya dai ba ta shiga ƙarƙashin leda.

Don kada a rikice: ƙazuwa ta fi kama tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu da hammata, har da wuraren da tufa ke rufewa. Ƙuma ta fi cizon idon sawu. Sauro ko'ina ya samu, kuma kukansa na tona masa asiri. Duk da haka, ko likitan fata ba ya yanke hukunci da kallon ƙurji kaɗai. Zai ce a je a duba makwanci.

Shin yana yaɗa cuta? Wannan tambayar kullum sai an yi ta. Har yau ba a tabbatar yana ɗaukar cuta daga wani ya sa wa wani ba, kamar yadda sauro ke yi da zazzaɓin cizon sauro. Amma kada wannan ya sa mu raina shi. Susa na kawo gyambo, musamman ga yara masu dogon farce. Inda ya yi yawa sosai, yakan jawo ƙarancin jini ga ƙananan yara da tsofaffi. Ga rashin barci. Malamai, ɗalibin da ke gyangyaɗi a darasin farko na safe, kafin a ɗauko bulala, a leƙa gadonsa.

Na uku: shaidun da ba sa ƙarya

Nan ne zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

Shaida ta farko, kuma wadda aka fi samu, ita ce kashinsa. Jini ne da ya narke a cikinsa, yana fitowa baƙi, ɗigo-ɗigo, ƙanana ƙwarai. A kan yadi yakan jiƙa zaren ya zauna daram, a kan katako ko bango yakan bushe ya ɗan yi tudu. Ga yadda za a bambanta shi da datti: a jiƙa farin ƙyalle ko auduga a goga. In ya narke ya bar launin tsatsa, jini ne, mai shi kuma yana kusa. Kashin kyankyaso ba ya yin haka, ƙwaya-ƙwaya yake, ana iya share shi.

Ta biyu, ɗigon jini a zanin gado ko rigar filo, daga wanda aka danne cikin barci bayan ya ƙoshi, ko daga wurin cizon. Zanin gado mai duhu ko mai zane-zane yana ɓoye wannan. In kuna zargi, ku shimfiɗa fari na 'yan kwanaki.

Ta uku, saɓarsa. Wani fanko ne mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, da siffar ƙwaron sak, har da ƙafafu, amma ba komai a ciki, ko hura shi aka yi sai ya tashi. In ka tarar da saɓa iri-iri, ƙanana da manya, to ba baƙo ne ya kwana ɗaya ba, zuri'a ce ta girma a nan.

Ta huɗu, ƙwai, farare, a manne a lungun ɗinki ko ramin ƙusa. Masu tabarau su sa, ko a ɗauki hoto da waya a zuƙo shi.

Ta biyar, wari. Duk wanda ya taɓa murtsuke kuɗin cizo da yatsa ya san shi, wani irin gafi ne mai tayar da zuciya. Sai dai in har ka buɗe ɗaki warin ya tare ka, abin ya daɗe da yin nisa. Kada a jira hanci.

Ta ƙarshe, shi kansa, da rai. Gani ya kori ji. In an kama ɗaya, a manne shi da salatif a jikin farar takarda ko a jefa shi a kwalba, a kai wa ma'aikacin lafiya ya tabbatar.

To, a ina za a duba? Ba ya son nisa da abincinsa. Yawanci ana samun sa cikin mita biyu da rabi daga inda mutum ke kwana, sai in sun yi yawa wuri ya yi musu kaɗan. Kayan aikin ba su da tsada: tocila ko fitilar waya, da tsohon kati mai tauri na zura wa tsaga. A fara da katifa. A yaye zani a hankali, kada a kakkaɓe. A bi ɗinkin gefe da yatsa, ana buɗa shi ana haskawa, sama da ƙasa, musamman kusurwoyin wajen kai, da ƙarƙashin tambarin kamfanin da aka ɗinka a jiki, da duk inda rigar katifar ta yage soso ya leƙo. Daga nan a jingine katifar a koma kan gado. Gadon katako shi ne aljannarsu: mahaɗar katako, ramin ƙusa, ƙasan allunan da katifa ke hawa, bayan fuskar gado inda ta jingina da bango. Gadajen nan na amare masu yadi da maɓallai a fuska, kafintoci su yi haƙuri, kowane maɓalli ɗaki ne da falo. Masu gadon ƙarfe kuma kada su yi murna, bututun ƙafa da wuraren walda da mahaɗar waya duk suna ɓoye su, kuma gadaje masu hawa biyu na makarantu sun fi kowanne.

Wanda ke kwana a ƙasa ya duba bakin tabarma inda aka naɗe saƙa, da ƙarƙashin leda ko kafet, da tsagar bango da ta daɓe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗin cizo kuwa ko tsagar fenti ta ishe shi. A duba bayan kalanda da hotuna, da ninkin labule ta sama, da kewayen soket, amma don Allah kada a zura ƙarfe ko ruwa a ciki. Kujerun kushin na falo, in ana kwana ko kishingiɗa a kai, a kifa su a duba ƙasansu.

Sai gidan sauro. Ɗinkinsa na sama da kusurwoyin da ake ɗaurewa wuri ne da suke so, daga nan suke gangarowa. Na sha jin mutane na cewa gidan sauro ne ke kawo kuɗin cizo, har wasu su cire shi su jefar. Ba ya kawo shi, maɓoya kawai ya samu a ciki. Kuma mu yi wa kanmu adalci: kuɗin cizo na hana barci, sauro kuwa na kashe yara. A duba gidan sauron, a tsaftace shi, a mayar da shi.

In an duba da rana ba a ga komai ba, alhali zargin bai gushe ba, a tashi kafin kiran assalatu a haska tocila farat ɗaya a kan zani da bango. Wata dabarar kuma, a janye gado daga bango, kada zani ya taɓa ƙasa, a sa kowace ƙafar gado cikin roba mai santsi. Abin da ya faɗa ciki zai ba da labari.

Na huɗu: ta ina ya shigo, kuma me ya sa muke ɓoyewa?

Tunda ba ya tashi, ɗauko shi ake yi. Akwatin ɗan makaranta da katifarsa. Jakar matafiyi da ta kwana a masauki. Tabarma da bargon mai jinya da ya dawo daga asibiti. Kayan gwanjo. Gado ko kujerar da aka saya na hannu wurin dillaliya don an ga araha. Kujerar motar haya. A gidan haya kuwa, ta tsagar bango yake bi daga ɗaki zuwa ɗaki ba tare da sallama ba.

Kun lura ban ambaci ƙazanta ba? Jini yake ci, ba ya cin datti. Tarkace da cunkoso suna ba shi wurin ɓuya, suna wahalar da kawar da shi, wannan gaskiya ne. Amma ba su suke haifar da shi ba. Tsohon abokin zama ne: masu tonon kayan tarihi sun same shi a kufan Amarna ta ƙasar Masar, a gidajen ma'aikatan da suka rayu sama da shekara 3,000 da suka wuce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu maganin DDT ya kusa share shi daga Turai da Amurka, sai ga shi ya dawo da ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1990, saboda yawan tafiye-tafiye da kuma yadda ya daina jin magungunan feshi. A 2023 hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa ta bayyana cewa fiye da gida ɗaya cikin goma a ƙasar ya yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022. A 2023 ɗin ce birnin Faris ya rikice da maganarsa, ana shirin wasannin Olamfik na 2024. To, in Faris ta fito ta faɗa a talabijin, me zai sa matar gida a nan ta ɓoye wa maƙwabciyarta?

Kunyar nan ita ce babbar mai taimakonsa. A gidan haya mai ɗaki goma, kowa na fesa nasa a ɓoye da dare, ƙwaron na ƙaura zuwa ɗakin da ba a fesa ba, bayan mako biyu ya dawo. Makaranta na tsoron kada sunanta ya ɓaci, iyaye na tsoron kada a ce daga gidansu ya fito. Ni a ganina makarantar da ta rubuto wa iyaye ta ce “mun ga alama, ku duba kayan yaranku” ta fi cancantar a amince mata.

Na biyar: in an tabbatar, kada a yi gaggawar guba

Ba laccar magani aka ba ni ba, amma ba zan sauka ban yi gargaɗi ba, domin wani lokaci maganin ya fi ƙwaron haɗari. Fiya-fiya da magungunan gona irin su Sniper ba na ɗakin kwana ba ne, balle a jiƙa katifar jariri da su. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin waɗannan a kasuwanni da kantuna barkatai. Mafi muni ita ce ƙwayar nan da ake sa wa buhunan wake da masara a sito. Da ta sha danshin iska sai ta saki iskar guba mai ratsa bango. A 2015 a lardin Albata na ƙasar Kanada, yara biyu 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an sa irinta a gida don kashe kuɗin cizo. Fetur da kananzir kuma, kun san abin da ke biyo baya in an kunna ashana.

Abin da kuɗin cizo ba ya jurewa shi ne zafi, shi da ƙwansa. Wanki da ruwan da ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana kashe su. Dutsen guga mai zafi a bi ɗinkin katifa da na tufafi. Tafasasshen ruwa a mahaɗar gado, yadda kakanninmu ke yi, yana aiki a duk inda ya kai, a dai kawar da yara. Shanya katifa a rana na taimakawa, amma kada a dogara da ita, domin sukan gudu ƙasa inda inuwa take, kuma cikin soso mai kauri ba ya yin zafin da ake buƙata. Ƙananan kaya a ƙulle su a baƙar leda a ajiye a tsakiyar rana irin ta watan Afrilu, kada a cika ledar. A liƙe tsagar bango. In za a yi feshi, a kira wanda ya san aikin, a tambaye shi sunan maganin da lambar rajistarsa. Kun tuna kwana 6 zuwa 10 na ƙyanƙyasa? Yawancin feshi ba ya kashe ƙwai, don haka dole a sake dubawa a maimaita bayan kamar mako biyu. Duk wanda ya ce muku feshi ɗaya ya gama, kuɗinku yake so.

Abu biyu kuma da ake yi da kyakkyawar niyya su ƙara ɓata lamari. Ƙaura zuwa falo: za su bi numfashinka, ɗaki ɗaya ya zama biyu. Da jefar da katifa a bola: kafin magariba wani ya ɗauke ta, wataƙila almajirin da ke kwana a zaurenka. In dole sai an jefar, a yayyage ta tukuna.

Ga iyaye, ranar da yaro ya dawo hutu, akwati da katifa su tsaya a tsakar gida. A buɗe su a nan, a duba kusurwoyin akwati da ɗinkin jaka, tufafi su wuce wanki da guga kafin su ga ɗaki. Ranar komawa ma a yi haka, don kada mu aika wa makaranta namu. Masu kula da ɗakunan kwana kuma, lokacin hutu ne damarku ta kwance gadaje ku bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai girma shugaban taro, na ga an miƙo min takarda cewa lokaci ya yi.   Na zo da 'yar kwalba mai ɗauke da matattun kuɗin cizo da saɓarsu, tana nan kan tebur ga mai son gani da idonsa. Yanzu kuma fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma an yarda mutum ya ce a gidan maƙwabcinsa abin ya faru.